Ra'ayi: Lokaci ya yi da furojek ɗin ɗaliban kwamfuta zai sauka daga kanta ya shiga kasuwar albasa

Duk wanda ya taɓa leƙa ofishin malami a sashen kimiyyar kwamfuta na wata jami'a a ƙasar nan ya san kantar da nake nufi. Kundaye ne masu baƙin bango ko shuɗi, an buga sunayen ɗalibai da ruwan zinare, an jera su har kusa da silin, ƙura ta lulluɓe su. Kowane kundi yana ba da labarin wata manhaja: ta rajistar ɗalibai, ta biyan albashi, ta ajiye bayanan asibiti. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, a cikin manhajojin nan guda nawa ne wani ɗan Adam yake amfani da su a yau?

Nawa kundin ma yana kan irin wannan kanta, a jami'ar da ba sai na ambaci sunanta ba. Mu huɗu aka haɗa, aka ce mu yi manhajar ajiye bayanan marasa lafiya ta ƙaramin asibiti. Mun shafe watanni muna rubuta babi na ɗaya zuwa na uku, muna gyara waƙafi da aya, muna zana taswirar yadda manhajar za ta kasance. Saura sati uku a kare kundi muka fara rubuta kod, kuma a gaskiya mutum ɗaya ne a cikinmu ya rubuta. Ana jibi za mu tsaya gaban malamai kwamfutarsa ta mutu da komai a cikinta. Hotunan allo da muka ɗauka tun farko muka nuna, muka sha da ƙyar, aka ba mu maki mai kyau. Har muka gama ba mu taɓa zama da ma'aikaciyar jinya ko ɗaya mun tambaye ta yadda take cika katin mara lafiya ba.

Ban ji zafin abin ba sai ranar da na je neman aiki. Mai tambayar bai ko buɗe takarduna ba, ya ce, "Malam, nuna min wani abu da ka gina." Na shiga lalube a waya kamar mai neman lambar wani. Babu abin nunawa.

Shi ya sa nake da ra'ayin cewa aikin kammala karatu, wanda ɗalibai ke kira furojek, ya kamata a sauya masa fasali a sassan kwamfuta na manyan makarantunmu. A riƙa yin sa a ƙungiya, a gajerun zango, kuma domin wani mutum na zahiri da ke da matsala ta zahiri. A jihar Kebbi kuwa, babu inda wannan ya fi sauƙin gwadawa kamar yankin Jega, Aliero da Maiyama.

Mene ne wannan tsarin zango-zango?

Tsarin da muka bi ni da abokaina yana da suna a duniyar manhaja. Ana kiransa tsarin gangaren ruwa: a gama tattara buƙatu gaba ɗaya, a gama zane gaba ɗaya, sannan a rubuta kod, sai a ƙarshe a gwada. Ruwa idan ya gangara ba ya komawa sama. Abin mamaki, Winston Royce, wanda ake yawan danganta tsarin da maƙalarsa ta 1970, shi da kansa ya yi gargaɗi a cikinta cewa bin sa a haka yana da haɗari, domin ba a gano kuskure sai lokaci ya ƙure.

A watan Fabrairun 2001, masana manhaja 17 suka taru a Snowbird da ke jihar Utah ta Amurka, suka fitar da wata gajeriyar sanarwa wadda daga ita sunan Agile ya bazu a duniya. Abin da suka ce a taƙaice shi ne: fahimtar juna tsakanin masu aiki ta fi kayan aiki muhimmanci, manhaja mai aiki ta fi tarin takardu, tafiya tare da mai buƙata ta fi jayayya kan yarjejeniya, sannan karɓar sauyi ya fi nacewa kan tsarin da aka zana tun farko. Ba su ce a jefar da takardu da tsari ba, cewa suka yi a san wanda ke gaba da wani.

Hanyar da ta fi shahara wajen aiwatar da wannan ita ce Scrum, wadda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995. A ƙa'idarta, ƙungiya ba ta cika wuce mutum 10 ba. Ana raba aiki zuwa zango da bai wuce wata ɗaya ba, da yawa ma sati biyu suke yi. Kullum akwai taron minti 15 don kowa ya san inda aka kwana. Ƙarshen kowane zango a nuna wa mai buƙata abin da aka gina, sannan ƙungiya ta zauna ta yi waiwaye: me ya tafi daidai, me ya cije, me za a gyara.

Idan ka cire sunayen Turanci, babu baƙon abu a nan ga wanda ya tashi a ƙauye. Haka ake gayya. Akwai mai gona da ya san inda ciyawa ta fi yawa, kowa ya kama kunyarsa, kowa yana ganin inda ɗan'uwansa ya kai, wanda ya gama ya taya na baya. Babu mai zuwa gayya ya ɓuya a gindin bishiya har la'asar ba a lura ba.

Me ya sa Aliero?

Jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi, wadda aka kafa a Aliero a 2006, yanzu kuma take ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo, tana zaune ne a tsakiyar abin da ɗaliban manhaja na manyan birane ke wahalar nema, wato masu buƙata na gaskiya a bakin ƙofa. Aliero gari ne da sunansa ya zaga Najeriya da maƙwabta saboda albasa, kamar yadda ya yi suna wajen ɗori. Jega tsohuwar cibiyar kasuwanci ce inda hanyoyin Sakkwato, Birnin Kebbi da Yawuri suka haɗu, tana kuma da kwalejin koyon aikin lafiya. Maiyama ƙasar noma ce, damina da rani. Duk wuraren nan ɗalibi zai iya zuwa ya dawo a yini ɗaya.

Kowannensu cike yake da matsalolin da ƙaramar manhaja za ta iya ragewa. Manomi ya zuba albasa a rudu yana jiran farashi ya tashi, yana buƙatar sanin buhu nawa ya shiga, yaushe, nawa ya ruɓe. Dillali yana bin mutane bashi a garuruwa uku, lissafin yana cikin kansa da wani littafi da ruwa ya taɓa jiƙawa. Direban babbar mota ya sauke kaya yana neman lodin komawa. Makarantar Islamiyya tana so ta san wa ya biya kuɗin wata. Mai kemis yana so a tuna masa maganin da ya kusa lalacewa. Babu ɗaya daga ciki da ke buƙatar wata fasaha ta a zo a gani. Abin da suke buƙata shi ne wanda zai zauna ya saurara.

Akwai kuma ƙofa a hukumance. Sabon tsarin manhajar karatu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta bisa buƙatun yankinta. Idan jami'ar da ke garin albasa ba ta sa albasa a nata kason ba, wa zai sa?

Yadda abin zai kasance a aikace

Mu ƙaddara ɗalibai biyar ne, maza uku mata biyu, suka samu wani dillalin albasa ya yarda ya riƙa ba su rabin awa duk bayan sati biyu. Suna da sati 16, wato zango takwas. Tun a aji sun riga sun yanke cewa abin da Alhaji ke buƙata shi ne manhajar da za ta nuna masa farashin albasa a kasuwanni. Zangon farko suka gina allo ɗaya tak, suka kai masa a waya. Ya jujjuya, ya miƙo musu, ya ce, "Yara, wanga abu naku ya yi kyawo, amma farashi ai ina jin shi ga waya tun da asuba. Ku yi mini wanda za ya tuna mini wa nika bi bashi."

A tsarin gangaren ruwa, wannan maganar sai bayan wata takwas za su ji ta, idan ma sun ji. A nan sati biyu kawai suka yi asara. Suka koma suka sake jera buƙatu, bashi ya hau sama, farashi ya koma ƙasa. Zango na biyu suka gano yaron Alhaji ne ke riƙe da babbar waya, shi Alhaji ƙaramar waya mai tocila yake amfani da ita, don haka tunatarwa sai dai ta saƙon tes. Zango na uku suka gano a bakin rudu sabis yana ɗaukewa, dole manhajar ta yi aiki ba intanet, ta aika bayanai idan an dawo gari. Zango na huɗu wata daga cikinsu ta lura yaron ya fi sauri idan ya yi magana maimakon rubutu, suka ƙara wurin naɗar murya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan darasi ne da babu littafin da zai ba su kamar yadda kasuwa ta ba su. Gani ya kori ji.

Kayan aikin ma ba masu tsada ba ne. Allon aiki mai layi uku, abin da za a yi, abin da ake yi, abin da aka gama, dabara ce da ta samo asali daga masana'antar Toyota a Japan, kuma ana iya yin ta a Trello kyauta, ko da kwali da maka a bangon ɗaki. Taron minti 15 ana iya yin sa da saƙon murya a zauren WhatsApp. Shi kuwa kod, a ajiye shi da Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Git yana aiki a kan kwamfutarka ko babu data, sai ka samu sabis ka tura zuwa GitHub. Da mun san wannan a lokacinmu, mutuwar kwamfuta ɗaya ba za ta tafi da aikin mutum huɗu ba.

Abin da masu adawa za su ce

Na tattauna wannan ra'ayi da malamai da ɗalibai, kuma ba duka suka yarda ba. Hujjojinsu ba na wasa ba ne.

Ta farko ita ce 'yan ci-ma-zaune. Duk wanda ya yi aikin rukuni a makaranta ya san yadda ake yi: ɗaya ya yi aiki, ɗaya ya biya kuɗin buga takarda, sauran su kawo suna da lambar rajista. Malamai da yawa saboda haka suka fi son kowa ya yi nasa shi kaɗai. Amma a lura, a tsohon tsari ne malalaci ke samun maɓoya, domin sai ƙarshen shekara ake duba aiki. Idan duk sati biyu sai an tsaya an nuna abin da aka yi, kuma Git yana rubuta sunan wanda ya ƙara kowane layi da ranar da ya ƙara, ɓuya ta yi wuya. Shawarata a raba maki gida uku: kaso na ƙungiya bisa abin da aka gina, kaso na mutum bisa gudummawarsa da tambayoyin baki, da ƙaramin kaso daga abin da abokan aikinsa suka shaida a kansa. Sai dai a yi hattara, kada a mayar da ƙirga layukan kod ma'auni. Wadda ta yini a kasuwa tana tambayar dillalai, ko wanda ya gano kuskuren da zai ɓata lissafin bashi, aikinsu bai gaza na mai buga madannai ba.

Ta biyu ita ce nauyin malamai. Malami ɗaya yana iya samun ɗalibai masu yawa a ƙarƙashinsa, ga koyarwa, ga duba jarrabawa. Gaskiya ne. To amma wanne ya fi sauƙi, karanta kundi 20 da kusan duk abu ɗaya suke faɗa, ko zama da ƙungiya huɗu na minti 20 kowacce duk bayan sati biyu? A ganina na biyun ya fi sauƙi, ya kuma fi daɗi.

Ta uku, ana cewa jami'a ba wurin koyon sana'a ba ce, wurin bincike ne, kuma mai jarrabawa daga waje babi biyar yake son gani. Na yarda ɗalibi ya iya rubutu da nazari. Ban ce a soke kundi ba. Cewa nake a rubuta shi tare da aikin, kowane zango a ƙara abin da aka gwada, abin da ya faɗi, da dalilin sauya hanya. Kundin da ya bayyana dalilin da ya sa dillali ya ƙi allon farko ya fi zama bincike a kan wanda aka kwafo babinsa na biyu daga intanet.

Wannan ya kawo mu ga abin da kowa ya sani amma ba a son faɗa. Ana sayen furojek. Da can a shagunan buga takardu ake saye, yanzu kuma ChatGPT da ire-irensa suna iya zubo babi biyar cikin dare ɗaya. Hana ɗalibai amfani da waɗannan manhajoji ba zai yiwu ba, kuma ba shi da ma amfani, tun da a wurin aiki za su yi amfani da su. Abin da ba a iya saye shi ne zuwa Jega sau takwas, da amsa tambayar malami kan dalilin da ya sa ka sauya yadda ake ajiye bayanai a zango na biyar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, to a nan duk sati biyu ranar wanka ce.

Ta huɗu ita ce halin ƙasa: wuta, tsadar data, da yajin aiki. Kowa yana tuna 2022, lokacin da ƙungiyar malaman jami'o'i ta shafe wata takwas tana yajin aiki, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A farkon 2025 kuma aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100. Amma wannan hujja ce a gare ni. Idan ba ka san abin da gobe za ta kawo ba, gara kowane sati biyu ka kasance da ƙaramin abu mai aiki a hannu. Wanda aka katse shi a zango na huɗu yana da manhajar da ke tuna bashi. Wanda aka katse shi a tsakiyar tsohon tsari babi biyu da rabi kawai yake da su.

Inda dole a kiyaye

Akwai wuraren da ni ma nake jin tsoro. Mai buƙata ba ma'aikacin jami'a ba ne. Lokacin cire albasa ba zai saurare ku ba, don haka a tsara zango da kalandar gona a zuciya, kuma a samu mutum na biyu da zai tsaya a madadinsa. Kada a yi masa alƙawarin da ba za a cika ba. A gaya masa tun farko cewa aikin ɗalibai ne, sannan a yanke wanda zai ci gaba da kula da manhajar bayan sun tafi bautar ƙasa, ko ƙungiyar shekara mai zuwa ta gaje ta. In ba haka ba, an koya wa Alhaji dogaro da abin da zai mutu a hannunsa.

Bayanan mutane amana ne. Sunayen masu bashi ko na marasa lafiya ba abin zubawa a GitHub ba ne, kuma Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023. A gwada da sunayen ƙirƙira. Haka kuma a sa lokutan taro inda ɗalibai mata za su iya halarta, kada a mayar da shi hirar dare a ɗakin maza sannan a ce ba su ba da gudummawa ba. Su ne ma za su iya shiga gidaje su ji buƙatun mata masu sana'a, inda namiji ba zai wuce zaure ba.

Sannan kada a mayar da abin al'ada marar rai. Na ga inda ake taron tsaye na awa guda, shugaba yana ta faɗa, saura suna danna waya. Idan aiki ya makara kuma, ƙaro mutane ba ya ceto shi, ƙara jinkirta shi ma yake yi, kamar yadda Fred Brooks ya nuna tun 1975. Abin da ake yi shi ne a rage buri, a gama kaɗan da kyau.

Kafin sashe ya sauya, kai fa?

Sauya tsarin makaranta yana ɗaukar lokaci, sai an bi ta kwamiti da majalisar jami'a. Amma kai da ke aji uku ko aji huɗu a Aliero, ko a jami'ar tarayya da ke Birnin Kebbi, ko a kwalejin Waziri Umaru, ba sai ka jira ba. Ko da kowa nasa taken aka ba shi, ku haɗu ku uku ko huɗu ku riƙa duba aikin juna duk sati biyu. Buɗe asusun GitHub a wannan satin. Kafin ka rubuta layi ɗaya, nemo mutumin da zai yi amfani da abin da za ka gina, ko da kawunka ne mai shagon taki a Maiyama. Ka je wurin malaminka da ladabi ka ce, "Malam, ina so in riƙa nuna maka abin da na gina duk bayan sati biyu, ko na minti goma ne." Da wuya ya ce a'a. Ke ma da ke ganin kamar kod na maza ne, ki tuna rabin wannan aiki sauraro ne da lura, sauran rabin kuma koyo ake yi, babu wanda aka haifa da shi.

Ranar da za ka zauna gaban mai ɗaukar aiki, a Abuja ne ko ta bidiyo daga wata ƙasa, tambayar da aka yi min ita za a yi maka. Ina fata a ranar ka ciro wayarka ka ce, ga shi, wani dillali a Aliero da ita yake bin bashinsa.